Littafin Waɗanda Teku Ya Ci

Aikin ya shigo shagon Kinuyo ne a farkon kaka, kuma yayanta Norimasa ne ya kawo shi da kansa. Ya shigo da dogon takalminsa na roba, bai ko tsaya karkaɗe yashin bakin ruwa ba, ya ajiye ɗan filash na kwamfuta a kan teburinta kamar wanda ya kawo tsaraba.

"Ga shi nan, an gama komai," in ji shi. "Ke dai zubawa kawai za ki yi, ki buga."

"Kullum haka kake cewa, Yaya. Ranar da ka kawo min katin bikin ɗanka ma cewa ka yi an gama komai, sunan amarya ma babu a ciki."

Ya yi dariya har da buga cinya, ya ɗauki lemon da ta ɓare wa kanta ya jefa a baki.

Ƙaramar maɗaba'a ce mijinta ya rasu ya bar mata, ita kaɗai ce a garin. A nan ake buga kalandar cikar ruwa da janyewarsa, da katin biki, da katin godiya na masu makoki, da 'yar jaridar makarantar firamare. Amma wannan aikin ya sha bamban. Ƙungiyar masunta ta garin za ta narke cikin ta maƙwabta idan bazara ta zo, sai dattawa suka ce kafin a sauke allon ofis, a yi littafi guda da zai tattara sunan duk wani namijin garin da ya fita teku bai dawo ba, tun daga zamanin kakanni. Za a raba wa kowane gida a haikalin kan tudu, ranar tunawa da su. Norimasa ne mataimakin shugaban ƙungiya, shi aka ba kwamitin littafin, kuma kowa ya san idonsa na kan kujerar sabuwar ƙungiyar da za a kafa.

Mahaifinsu na cikin littafin. Kinuyo tana ajin farko na firamare ya fita da asuba, shi ke nan. Norimasa ne ya bar makaranta ya shiga jirgin kawunsu don ita ta ci gaba da karatu. Wannan bai taɓa fita daga ranta ba, shi ma bai taɓa goranta mata ba.

Da ya tafi, ta ja kujera ta buɗe manhajar tsara shafi. Ta shimfiɗa shafin yadda littafin girmamawa ya kamata ya kasance, layuka a tsaye daga sama zuwa ƙasa, ana ci daga dama zuwa hagu, da fili wadatacce tsakanin suna da suna don kowane mamaci ya samu wurin tsayuwa. Sannan ta jawo rubutun ta zuba.

Ya shigo yadda irin wannan rubutun ya saba shigowa, kamar kayan da aka juye daga mota. Shekarun da aka rubuta da lambobi duk sun kwanta a gefensu. Ƙananan haruffan da ake jerawa a gefen suna don a san yadda ake kiransa sun zubo sun cakuɗe da sunayen. Dogayen layukan da ya kamata su miƙe sun gitta. Wannan bai dame ta ba, aikinta ke nan tun tana amarya. Ta tayar da lambobin ɗaya bayan ɗaya, ta mayar da ƙananan haruffan gefensu, tana kiran kowane suna a hankali yayin da take gyara shi. Wasu ta san 'ya'yansu, wasu jikokinsu ne ke kawo mata kifi.

Sai ta fara cin karo da akwatuna. A tsakiyar suna, inda harafi ya kamata ya zauna, sai ka ga ɗan akwati fanko. Ta gangara ƙasa, ga wani. Ta juya shafi, ga wasu.

Nan take ta gane. Gidaje da yawa a garin suna da yadda suke rubuta sunayensu, wani da ƙarin ɗigo, wani da layin da ya fi na kowa tsawo, irin haruffan da ba a samu a rumbun kwamfuta. Tsohuwar akawun ƙungiya da ta buga rubutun ta zauna ne ta zana su da hannunta a kwamfutar ofis, kuma a cikin wannan kwamfutar kaɗai suke da rai. Da an fitar da su sai su zama akwati.

Har sunan mahaifinta, Tokuji, akwati ne a farkonsa. Wannan kam ba ta buƙatar tambayar kowa. Tun tana ƙarama take kallonsa a allon da ke kan dandamalin tunawa da mamata a ɗakin mahaifiyarsu, da ɗan ƙarin layinsa guda a tsakiya. A yammacin nan ta zana shi ta saka. Sannan ta kira yayanta.

"Ina son in shigo ofis gobe in duba tsohuwar kwamfutarku."

"Wace? Ai ta mutu tun damina. An kwashe ta da tarkace."

"To takardun da gidaje suka rubuto da hannu fa?"

Tana jin kukan tsuntsayen teku ta wayar. "An share ofis saboda haɗewar nan. Ban san inda yara suka kai su ba," in ji shi.

Akawun kuwa tana can birnin Sendai wurin 'yarta, kwance a asibiti, ba ta ko gane masu zuwa dubiya.

"Shi ke nan," in ji Kinuyo. "Zan bi gida-gida in tambaya. Garin nawa yake?"

"Haba, Kinuyo! Ki bi gida-gida ki shelanta wa duniya cewa kwamitina ya zubar da takardun mutane? A wannan lokacin? Kuma kin san tsofaffin nan, kowacce sai ta riƙe ki wuni guda tana ba ki labarin kakanta. Ranar taro ba za ta matsa ba, an riga an gayyaci baƙi. Ki bar min. Ni kullum ina tare da su a bakin ruwa, zan tambaye su cikin hikima."

Bayan 'yan kwanaki ya dawo, wannan karon da takalmin fita da riga mai guga.

"Na gama da su. Kowa ya ce a sa harafin da kowa ya sani. Suka ce zamani ya canza, ko a katin asibiti ma haka ake rubuta musu."

"Kowa da kowa?"

"Kowa da kowa."

"Har Iya Tome?"

Iya Tome tsohuwa ce da ta doshi casa'in, ɗanta guda ɗaya teku ya ci, kuma an san ta da rashin sakin magana.

"Ita ce ma ta fara cewa a yi," in ji Norimasa. Ya dafa kafaɗarta. "Ke dai kin cika zurfafawa. In ma wani ya yi ƙorafi, wa ke shugabancin kwamiti? A wuyana yake. Ki yi aikinki."

A ƙa'idar shagon, ba ta tayar da inji sai mai aiki ya duba gwajin ƙarshe ya danna hatiminsa. Ta kalli akwatin jar tawada a kan tebur, ta ji kunyar tura masa. Wa ke neman hatimi a wurin wanda suka sha nono ɗaya? Ta bi akwatunan ta cike su da haruffan gama-gari. Kowanne ta saka sai ta ji kamar ta sa wa mutum rigar aro, amma ta saka. Littafin ya fito da bango shuɗi mai duhu, takarda mai kauri, layuka tsaye reras. Ba ta taɓa yin aikin da ya kai shi kyau ba.

Ranar taro iska ta taso daga teku tun da safe. Haikalin ya cika har baranda. Maza a gaba cikin baƙaƙen kaya, baƙi daga ƙungiyoyin maƙwabta a jere kusa da malamin haikali, mahaifiyar su Kinuyo a sahun farko kan 'yar kujera saboda gwiwa. Kinuyo tana gefe tare da matan da ke zagayawa da shayi. Da aka gama karatu aka ƙona turare, sai aka shiga raba littafin. Wuri ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar takarda. Ta ga wani ƙaton masunci yana share ido da bayan hannu, ta ji daɗi ya cika mata ciki.

Iya Tome ta ɗora littafin a cinya, ta sa yatsa a saman layi tana gangarowa. Yatsan ya tsaya. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta sake dubawa.

"Wannan ba ɗana ba ne."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma kowa ya ji.

Surukar ƙanwarta da ke gefenta ta raɗa mata, "Iya, shi ne mana. Ga shi, Yoshizo."

"Na ce ba shi ba ne. Wannan layin sama ne dogo. Na ɗana layin ƙasa ne dogo, harafin ƙasa ke nan. Ubansa ya zaɓa masa shi don duk inda ruwa ya kai shi ya dawo ya taka ƙasa. Teku ya hana ni gawarsa, yanzu kuma an zo an cire masa ƙasar daga suna?"

Sai aka shiga buɗe shafuka da sauri. Can wani ya ce, "Na kakanmu ma an canza." Wata ta ce, "Namu babu ɗigon." Gunaguni ya tashi kamar ruwan da ya fara tafasa. Baba Kumagai, tsohon matuƙin jirgi mai kaifin baki, ya ɗaga littafinsa sama.

"To ga abin mamaki. Na Tokuji dai daidai yake, har da ɗan layinsa. Ashe injin ya san na gida."

Kinuyo ta kalli yayanta. Ba ta ji tsoro ba a lokacin. Ta san zai tashi, kuma ya tashi. Ya fito gaban jama'a, ya durƙusa, ya kai goshinsa tabarma, ya daɗe a haka. Sannan ya ɗago ya fara magana.

"Iyayena, 'yan'uwana, ban san da bakin da zan ba ku haƙuri ba. Kwamiti ya tattara sunayen nan da kulawa, kowane harafi yadda gidansa ke rubuta shi, muka miƙa wa maɗaba'a. A wurin bugawa aka yi sakaci. Ni kuma, da yake mai maɗaba'ar ƙanwata ce, ban bi diddigi ba. Na yarda da ita ne kawai. Wannan yardar ita ce laifina, kuma na ɗauka."

Ya sake kai goshi ƙasa.

Kawuna suka juyo gaba ɗaya. Kinuyo tana tsaye da butar shayi, zafinta na cin tafin hannunta, ba ta ji ba. Maganar tana bakinta, ta zo har kan harshe. Ta ga baƙi, ta ga malamin haikali, ta ga ƙeyar mahaifiyarta da ba ta ko waiwayo ba. Ta ajiye butar a hankali, ta durƙusa inda take, ita ma ta kai goshinta tabarma. Ta ji wani baƙo yana ce wa na kusa da shi, "Kai, mutumin nan namiji ne. Dubi yadda ya rungumi laifin wani."

Washegari da hantsi Norimasa ya shigo shago ta ƙofar baya, riƙe da ƙaton kifi a nannaɗe cikin jarida.

"Na safiyar nan ne," in ji shi. "Na ce a ware miki mai kyau."

Ba ta karɓa ba. "Yaya, tambaya ɗaya. Ka tambaye su ko ba ka tambaye su ba?"

"Na yi niyya."

"Ko gida ɗaya?"

"Kin san yadda kwanakin nan suke. Taro a nan, taro a can. Na ɗauka ba wanda zai lura. Wa ke ƙirga layi a harafi in ba ke da tsohuwar nan ba?"

"Ka ce min ita ta fara cewa a yi."

Ya ajiye kifin a kan tulin takardu, ya zauna a bakin tebur, ya sassauta murya irin yadda yake yi mata tun tana yarinya idan ta faɗi ta kurje gwiwa.

"Saurara, ƙanwata. Ke shago gare ki. Za su yi fushi, su huce, su dawo, don ba su da wata maɗaba'ar. Ni kuwa da na ce ni ne, a gaban mutanen can, an gama da ni. Kujerar nan in ta tafi wani gari, tashar jirginmu ce za ta fara mutuwa. Ba don kaina na yi ba."

"Da ka zo ka roƙe ni, ka ce Kinuyo ɗauki wannan ki rufa min asiri, ka san da na ɗauka."

"To ai kin ga ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne." Ta ji muryarta ta fita daban, kamar ta wata. "Ka tsaya a gaban gari ka ce laifinka shi ne ka yarda da ni. Ɗauki kifinka, yana jiƙa min takarda."

Ya tsaya yana kallonta kamar bai gane ta ba. Ya ɗauka ya fita, ya bar tabon ruwa a kan takardun.

Ba wanda ya sa ta, amma a satin ta rufe shago ta fara bin gidajen. Takan tsaya a ƙofa ta rusuna, ta roƙi a nuna mata yadda ake rubuta sunan. Wasu suka shigar da ita har gaban dandamalin mamatansu, ta kwafa daga allon. Wasu suka rubuto mata a bayan ambulan suka miƙo ta ƙofa, ba ko "shigo". Ta koma shago ta zana haruffan ɗaya bayan ɗaya, ta buga kowane suna a siririyar takarda mai gam a baya, daidai faɗin layi, kalar takardar littafin. Sannan ta sake zagayowa da ɗan hantsaki, tana liƙa sunan gaskiya a kan na aro. Da yake kowane gida yana da littafi, kuma kowane littafi yana ɗauke da sunayen duka, aikin ya ci har sanyi ya kama sosai.

Baba Kumagai bai bar ta ta taɓa nasa ba. "Hannun da ya ɓata ba shi zai gyara ba. Ajiye takardun, jikata za ta liƙa." A kantin unguwa, matan da suka saba jan ta da hira suka koma gaisuwa daga nesa. Makarantar firamare ta ce bana malamai za su buga jaridarsu da kansu. Abin da ya fi ci mata rai ba wannan ba ne, maganar nan ce da ta bi gari, wai na ubanta ta zauna ta zana, na sauran mutane ta ga ɓata lokaci ne. Yayanta yana ji ana faɗa a bakin ruwa, kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta kashe zancen, bai furta ba.

Gidan Iya Tome ta bari a ƙarshe, don shi ta fi tsoro. Tsohuwar tana zaune ƙafafunta a ƙarƙashin gajeren teburin da ke ɗumama ƙafa, ta nuna mata wuri da haɓa. Kinuyo ta buɗe littafin, ta daidaita takardar, ta danna da bayan farce. Iya Tome ta jawo shi kusa da fuska ta daɗe tana kallo.

"Yawwa. Ga Yoshizo." Ta shafa wurin da yatsa. Sannan ta zuba wa Kinuyo shayi, ta tura mata farantin kabewa da aka dafa da zaƙi. "Ci. Kin rame. Yanzu faɗa min, mijinki ya koya miki aiki da kyau, na san shi. Wa ya ce miki ki canza?"

Kinuyo ta sunkuyar da kai. Tun ranar taro ba ta gaya wa kowa ba.

"An ce min an tambaye ku, kun yarda."

"An ce. Shi 'an' ɗin ba shi da suna?"

"Yayana ne, Iya."

Tsohuwar ba ta nuna mamaki ba. Ta kurɓi shayi. "Na zata. Lokacin da yake magana a haikali ina kallon kunnensa, ja wur. Tun yana yaro haka kunnensa ke tona shi." Ta ajiye kofin. "Amma ke ma, 'yar nan, ƙafarki ciwo take yi a lokacin? Daga shagonki zuwa nan ko shayi ba zai huce ba."

"Ya ce kada in zo."

"Ya ce. To kin ji abin da 'ya ce' ta saya miki."

Kinuyo ta fashe da kuka a nan, irin wanda ba ta yi ba tun rasuwar mijinta. Iya Tome ba ta rarrashe ta ba, ta dai ƙara tura mata farantin.

"Ni ba zan yaɗa ba," in ji ta daga baya. "Maganar gidanku ce. In kina so a sani, bakinki na nan."

Da wannan Kinuyo ta fita, kuma a hanya ta yanke shawara. Ba za ta tsaya a kasuwa ta yi shela ba, amma mutum ɗaya dole ya sani. Mahaifiyarsu tana zaune a tsohon gidansu tare da Norimasa da matarsa. Tun ranar taro ba ta ce mata komai a kan littafin ba, Kinuyo kuwa ta ɗauka kunyar abin da 'yarta ta yi ce ta rufe mata baki. Wannan tunanin ya fi komai hana ta sukuni.

Ta je da rana, lokacin da ta san yayanta yana ofis, matarsa kuma tana wurin shanya ciyawar teku. Ta kai dafaffen wake mai zaƙi irin wanda tsohuwar ke so. Ta kunna turare a gaban allon mahaifinta, sannan ta zauna kusa da uwar.

"Inna, akwai abin da nake so ki ji daga bakina. Sunayen nan, ba sakaci na yi ba. Yaya ne ya ce..."

"Na sani."

Kinuyo ta tsaya.

Tsohuwar tana ninke tawul a cinya, ba ta ɗago ba. "Ana gobe taro ya zo ya zauna nan inda kike. Ya buɗe littafin ya ga abin da idonsa. Ya ce Inna, in Tome ta lura na shiga uku. Har ya ce zai tashi ya faɗi gaskiya. Ni na hana shi."

"Ke kika hana shi."

"Na ce masa ya ce daga wurin bugawa ne. Ke mace ce, kin yi aure kin fita, sunan wani gida kike amsawa. Shi ne ke ɗauke da sunan ubanku. In ya faɗi, gidan nan ne ya faɗi." Ta ɗora tawul ɗin a kan 'yan'uwansa, ta shafe shi da tafin hannu. "Kuma kada ki manta wanda ya bar makaranta saboda ke. Bai taɓa neman komai a wurinki ba. Wannan ɗin ne kawai."

"Bai nema ba, Inna. Ɗauka kuka yi."

"To yanzu me ya rage? Kin gyara, an wuce wurin. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ranar sabuwar shekara ki zo da wuri, ki taya surukata girki. Kada mutane su ga kujerarki babu kowa su samu abin faɗa."

Kinuyo ta kalli fuskar da ta sani tun kafin ta san tata. Babu mugunta a cikinta, babu ma damuwa. Tsohuwar ta riga ta auna 'ya'yanta biyu tuntuni, ta san wanda za a iya jinginar da kaya a kansa.

"Waken yana buƙatar a ɗumama," in ji Kinuyo. Ta tashi ta kai shi kicin, ta rufe tukunyar, ta sa takalminta.

Ba ta zo sabuwar shekara ba. Da bazara ta shigo aka zaɓi Norimasa shugaban sabuwar ƙungiya, kuma waɗanda suka zaɓe shi sun ambaci yadda ya durƙusa a haikali. Tashar jirgin garin ba ta mutu ba, wannan gaskiya ne, har sabon ɗakin ƙanƙara aka gina. Ayyukan bugawa na ƙungiya suka koma wani kamfani a birni. Mutanen gari kuwa suka dawo shagonta sannu a hankali, kamar yadda ya ce za su dawo, kuma ta tsani yadda maganarsa ta zama gaskiya. Ba ta taɓa gaya wa wani ba bayan Iya Tome, ita kuma tsohuwar ta tafi da sirrin kabari.

Kinuyo ta ci gaba da zuwa duba mahaifiyarta da rana tsaka, ta yanke mata farce, ta wanke mata gashi, su yi hirar gwiwa da farashin kabeji. In ta ji ƙarar motar yayanta a ƙofar gida sai ta fita ta baya.

Da mahaifiyarsu ta rasu, matar Norimasa ce ta zo shago, tana ta murza hannu, ta ce maigidan ya ce ko za a buga musu katin godiya. Kinuyo ta buga, sunansa a sama a matsayin babban mai makoki, nata a ƙasa. A wurin jana'iza ita da yayanta suka durƙusa kafaɗa da kafaɗa a bakin ƙofa, duk wanda ya shigo su rusuna masa tare. Da jama'a suka ragu, ya matso da kai ba tare da ya dube ta ba.

"Kin ci abinci kuwa?"

"Na ci," in ji ta.

Wasu masu ta'aziyya suka shigo, suka sake rusunawa.